Yadda Na Daina Haddar Rawa a Dubai

Da na fito daga filin jirgin saman Dubai, babu wanda ya zo tarbata. Mutumin da ya yi mini hanya tun daga Gusau ya ce mota za ta jira ni da sunana a jikin kwali, ta kai ni shagon gyaran jiki na mata inda zan riƙa yin ƙunshi. Na duba kwalayen da mutane suka ɗaga har idona ya gaji, ban ga Balaraba ba. Na kira lambar da ya ba ni, wata murya ta yi ta Larabci, sai daga baya na gane cewa take yi layin a kashe yake. Na ɗauki tasi na faɗi sunan unguwar da aka gaya mini, Hor Al Anz. Direban ya sauke ni daidai inda aka kwatanta. Shagon da na tarar na gyaran waya ne, wani Ba'indiye mai gashin baki yana ciki yana shan shayi, bai taɓa jin labarin wani ƙunshi ba.

A lokacin shekaruna sun ɗan haura talatin. Mijina ya rasu, na bar 'yata Ummi a hannun Inna, mahaifiyata. Dangin marigayin ba su so tafiyar ba, musamman babbar yayarsa, Yaya Hajara, wadda take sarin kaya a ƙasashen waje kuma ta san abin da ake faɗa a kan matan da suke zama a can su kaɗai. Ta gaya mini ƙarara cewa ranar da ta ji wani zance marar daɗi a kaina, ranar za ta ɗauke Ummi ta mayar gidansu. Ga shi tun ban kwana a garin ba, ina zaune a kan akwatina a bakin titi, zafi kamar a gaban tanda, ina kuka ina cewa, "Inna, kin ga yadda aka yi da ni."

"Kai yarinya, me ya same ka?"

Na waiwaya ina neman namijin da ake yi wa magana. Wata mata ce kakkaura, ta ɗaura kallabi har goshi, da ledar burodi a hannunta, kuma ni take kallo. Ita ce Anti Memuna, mutuniyar zangon Kumasi, tana aiki a sashen wanki na wani otel. Hausarsu ta can ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Na ba ta labarina ina sheshsheƙa. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Ba kai ne na farko ba," in ji ta. "Tashi. Ɗauki hannu ɗaya na akwatin, ni in ɗauki ɗaya. Kuka ba ya biyan haya."

Fulat ɗinsu ɗaki biyu ne, an raba da labule, kowace kusurwa da gado mai hawa biyu. Aka ba ni na sama, kusa da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigon ruwa. Anti ta zubo mini shinkafa da wake mai ja, ta ce sunansa wace, abincin Ghana ne. Na ce wannan ai garau-garau ne aka sa masa kwalliya. Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, ta ce tunda ina da bakin gardama, ba zan mutu a Dubai ba.

Ita ta kai ni wurin Madam Umm Karim, wata Bamisiriya mai shagon gyaran gashi na mata a Deira. Madam babbar mace ce, ta manyanta, tana jan ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa, idonta kullum da kwalli. Ba ta tambaye ni takarda ba. Ta miƙo mini bayan hannunta da ƙullin lalle ta ce, "Yalla." Na zana mata irin namu mai ganye-ganye da ɗigo. Ta ɗaga hannun ta juya shi a gaban fitila, ta ce gobe in zo da wuri. Da ta ji sunana kuma Anti ta fassara mata yadda yake kama da Balarabiya, ta ce to ai ni 'yar gida ce. Ita ta gyara mini biza daga baya, sai da na fita wani tsibiri na kwana biyu na dawo, sannan na samu natsuwa na fara aika wa Inna abin da ya samu.

Shekarun nan ne da ake ta gina dogayen benaye ko'ina, ba a kai ga yin jirgin ƙasa na cikin gari ba. In na fita da safe in ga fili, kafin watan ya ƙare sai in ga gini ya tsaya a wurin. Ni dai duniyata daga gadon sama ce zuwa shago, daga shago zuwa wurin sayen katin waya.

A bayan shagon akwai wani ɗaki mai madubi bango guda. Bayan la'asar sai mata su fara shigowa da 'yan jakunkunansu, 'yan Labanan, 'yan Filifin, wata Ba'indiya ma'aikaciyar jinya, har da wata 'yar Rasha doguwa. Madam ta koya musu rawar ƙugu irin ta Misira. A ƙuruciyarta ita take rawa a bukukuwan Alƙahira, kuma ko da gwiwar ta hana ta sauri, in ta ɗaga hannu ta ɗan girgiza kafaɗa sai ɗakin ya yi tsit. Ni ina waje ina yi wa mata lalle, kiɗan yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Wata rana ina tsaka da zana wa wata fure a tafin hannu, sai na ji Madam a kaina.

"Balaraba, kafaɗarki ta riga ki shiga ajina. Sai ki bi ta."

Na ji kunya na ce ni uwa ce, kuma a garinmu ba a san ni da wannan ba. Na tambaye ta ko maza suna gani.

"Habibti, ko ƙuda in namiji ne ba ya shiga ɗakin nan."

Haka na fara. Ta ɗaura mini gyale mai ƙananan ƙarafa a ƙugu, ta nuna mini yadda ake sauke ɗuwawu ɗaya ba tare da kai ya motsa ba, da yadda ake juya ƙugu a hankali kamar ana zana da'ira a ƙasa, da yadda gwiwoyi ke rawa har jiki duka ya ɗauka. Makon farko ko hawa gadona da ƙyar nake yi, Anti tana turo ni daga ƙasa tana yi mini tsiya. Amma tun a makaranta ni gwanar hadda ce. Madam tana da wata rawa da ta tsara a kan wata waƙa mai sauri, daga farko har ƙarshe, kuma na haddace ta kaf, har inda ake ɗaga gira. Na riga 'yar Rasha ma. Na fara ji a raina cewa na iya rawa.

Madam takan ɗauki aikin wunin lalle a gidajen 'yan ƙasa. Mu yi wa amarya da ƙawayenta ƙunshi, in an gama ɗalibanta biyu ko uku su yi rawa. Mata zalla ne, a bakin ƙofa ma wata mata take zama ta karɓe duk wayar da ke da kyamara. Can ciki sai a cire abaya, ki ga zinariya da kaya kamar ba su ne kika gani a rufe a waje ba. A irin wannan gidan ne Madam ta ce yau har da ni.

Aka saka waƙata, na fita da ƙarfin gwiwa. Ban yi nisa ba sai kakar amarya, wata 'yar tsohuwa mai abin rufe hanci ruwan zinariya irin na tsofaffinsu, ta ɗaga sanda ta yi wa mai saka kiɗan magana. Kiɗa ya tsaya. Wata waƙa ta shigo, a hankali, sarewa kawai da ɗan kiɗa can ƙasa. Sauran biyun suka sassauta jiki suka bi ta. Ni kuwa ba abin da na sani sai abin da na haddace. Na ci gaba da karkaɗawa kamar injin niƙa, waƙar tana tafiya kamar mai rarrashin jariri. Da na ga ba sa haɗuwa sai na tsaya ƙiƙam a tsakiyar fili, hannu a sama, na manta yadda ake sauke shi.

Matan suka yi dariya, amma ba ta mugunta ba. Tsohuwar ta yafito ni, ta fesa mini turare a wuya, ta danna mini dabino a hannu, ta faɗi wata magana da ta sa aka sake fashewa. A mota na matsa wa Madam ta fassara mini.

"Ta ce jikinki ya zo biki, kunnenki ya yi zamansa a gida."

Na juya ina kallon titi. Madam ta dafa mini gwiwa.

"Gaskiya ta faɗa. An yi miki tambaya, kin ba da amsar wata tambayar da aka yi jiya. Hadda ta yara ce, kowa da ita yake farawa. Abin da ya rage miki shi ne irtijal."

Na ce mene ne shi. Ta ce rawar da ba a shirya ba, wadda ake yi nan take, kiɗa ya faɗi nasa, jiki ya mayar masa.

Cikin wannan tsakanin mai gidanmu na Hor Al Anz ya ƙara kuɗin haya har ya fi ƙarfinmu. Ni da Anti muka kwashe kayanmu muka koma International City, can bayan gari kusa da babbar kasuwar 'yan Sin. An raba gidajen rukuni-rukuni da sunayen ƙasashe, mu muka samu ɗaki a rukunin Ingila. Da na gaya wa Inna a waya cewa yanzu a Ingila nake kwana in tashi in tafi aiki Dubai, sai ta ce in daina yi mata wasa da hankali. Ta ukunmu a ɗakin ita ce Hadiza, 'yar Damagaram, siririya mai saurin magana, tana tsaya wa 'yan kasuwar Nijar wajen saye da ɗaura kaya. Duk jimla biyu sai ta ce "bon", wato "to" da Faransanci. Tafiyar bas zuwa shago ta zama doguwa, ga cunkoso, amma na samu lokacin sauraro. Na sayi 'yar rediyo mai abin kunne, na riƙa kama tashoshin Larabawa, ina ƙoƙarin raba muryar ganga da ta sarewa da ta molonsu.

Madam ta hana ni taɓa rawar da na haddace, ko taku ɗaya. Tana da kwando cike da faya-fayai marasa suna. Sai ta ce in rufe ido in zaro ɗaya, duk abin da ya fito shi zan yi wa rawa. Ranar farko ta ce kada in yi komai sai tafiya. Waƙa guda cur ina zagaya ɗaki, 'yan aji suna kallona suna danne dariya. Wata ranar ta ce motsi ɗaya tak ta yarda mini, sauke ƙugu, in yi shi babba, in yi shi ƙarami, in yi shi da fushi, in yi shi kamar ina tsokanar ƙawa. Ta ce gangarsu, tabla, kalma biyu gare ta. In ta ce dum, nauyi ne, a ba shi ƙugu. In ta ce tak, abu ne marar nauyi, kafaɗa ko ƙirji ya ishe shi. Sarewa kuma ta hannu ce da numfashi.

"Matsalarki tsoron shiru," in ji ta. "Kina ganin in kin tsaya za a ce ba ki iya ba. Tsaya. Bari su jira ki."

A gida Hadiza ta ɗauki abin kamar nata. Ta kifa bokitin wanki tsakanin cinyoyinta tana kaɗawa, da gangan take canja kiɗan ba sanarwa, ta yi sauri, ta yanke, ta dawo da wani daban. In na rikice ta ce, "Bon, kin mutu, a sake." Anti Memuna tana zaune a gado tana yanka albasa, ita ce alƙali.

"Fuskarka kamar mai lissafi a kasuwa," ta kan ce. "Wa zai ba mai wannan fuska ko sisi? Yi murmushi mana."

In na yi murmushi ƙugu ya tsaya, in ƙugu ya tafi murmushi ya gudu. Muka yi ta haka har maƙwabciyarmu 'yar Filifin ta ƙwanƙwasa ƙofa wata Juma'a. Muka zaci ƙara ta kawo, ashe cewa ta zo yi a bar ƙofar a buɗe, ita ma tana so ta gani.

Duk da haka kaina bai daina lissafi ba. Ina rawa ina tunanin abin da zan yi nan gaba, kafin in yanke shawara kiɗan ya wuce. Abin da ya sauya ni ba a aji ya faro ba. Wata rana da hantsi na kira gida daga bayan shago. Ummi ta karɓa tana ɗoki, ta ce haƙorinta na gaba ya fita, ta jefa shi kan rufin ɗaki, kowa ya gani. Sai ta ce, "Mama, ke kaɗai ce ba ki gani ba. Kafin ki dawo wani ya fito." Katin ya ƙare a nan. Na shiga ɗakin madubi don kada masu gyaran gashi su ga idona, na zauna a ƙasa. Madam ta leƙo. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta je kwandonta ta daɗe tana zaɓe, ta saka wata waƙa ta sarewa zalla, ta ja ƙofa ta bar ni.

Na daɗe a zaune. Can sai na ga hannuna ya tashi da kansa yana bin sarewar, in ta hau ya hau, in ta karye ya karye. Na miƙe. Ban san me na yi ba a ranar, kuma ko an biya ni ba zan iya maimaita shi ba. Da waƙar ta ƙare na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Na buɗe ƙofa na tarar da Madam a jingine da bango, ashe ta tsagar ƙofar take kallo.

"Yau kin yi rawa," ta ce. "Je ki wanke fuska, akwai mai jiran lalle."

Daga nan abin ya fara zama wasa. Madam ta koya mini dabarun da ba ta gaya wa sababbi. Ta ce makaɗiya takan maimaita jimlarta sau huɗu: na farko ki saurara, na biyu ki gwada, na uku ki ƙawata, na huɗu ki shirya wa abin da ke tafe. Ta ce in na yi kuskure da dama, in sake yin sa da hagu, sai kowa ya ɗauka ado ne. Ta ce in zaɓi mace ɗaya a cikin taro in yi rawar kamar da ita nake hira. Na koma gidajen biki, aka canja mini waƙa ba sau ɗaya ba, ban ƙara daskarewa ba.

Sai ga wani aiki da ya tayar mini da hankali. Wani Alhaji ɗan Kano mai harkar kago, wato jigilar kaya, wanda ya daɗe a Deira, zai aurar da 'yarsa ga wani ɗan Sudan. Matarsa ta ɗauki Madam don wunin mata, kuma dangin ango sun ce ba sa son faifai, za su kawo makaɗiyarsu, wata mai suna Samira da ake ji da ita wajen tabla. Wadda Madam ta saba turawa irin wannan ta tafi ƙasarsu. Gwiwar Madam kuwa ta kumbura har sai da sanda.

"Ke za ki yi," ta ce.

Na ce ba zan iya ba. Ba kiɗan nake tsoro ba. Zauren zai cika da Hausawa, kuma labari a wurinmu ya fi jirgi sauri. Na gaya mata zancen Yaya Hajara da Ummi. Madam ta ce ba za ta tilasta ni ba, za ta kira matar Alhaji ta ba ta haƙuri, ko da hakan zai sa a daina kiranta. Ta juya tana gyara kwalaben man gashi da ba su buƙatar gyara. Na tuna ranar da ta miƙo mini bayan hannunta ba ta san ni ba.

A gida muka zauna shawara. Anti ta ce mata ne zalla, kuma ita ba ta ga abin kunya a rawar biki ba, a zango har kakanni suna shiga fili. Hadiza ta tafi kasuwar 'yan Sin ta dawo da doguwar riga baƙa mai dogon hannu, har ƙasa, ba abin da ake gani sai tafin hannu da fuska.

"Bon," ta ce, "ki ɗaura gyalenki a kai. Wadda ta ce ta ga tsiraici, sai dai in da shi ta zo."

Washegari na ce wa Madam zan yi.

Bayan la'asar aka fara, a wani zauren biki. Na gama ƙunshin ƙawayen amarya, na shiga na canja kaya. Samira tana zaune a gefen fili da tabla a cinya, baƙa siririya mai zobba a yatsu, ta dube ni sama da ƙasa ta yi wani ɗan murmushi. Ba mu taɓa haɗuwa ba, ba mu shirya komai ba. Na fito fili, na ɗaga ido in zaɓi wadda zan yi hira da ita, sai idona ya faɗa kan Yaya Hajara. Tana layin gaba, cikin leshi ruwan toka, da jaka a cinya. Ashe ta zo sarin kaya, matar Alhaji kuma ƙawarta ce. Ta gane ni. Fuskarta ba ta motsa ba.

Samira ta buga jimlar farko, na tsaya ina ji, don ba abin da zan iya yi sai tsayuwar. Ta maimaita. Na ce a raina, an riga an gan ni, ko na gudu an gani, gara a ga abu mai kyau. Na sauke ƙugu a kan dum ɗinta. Ta ɗaga gira ta ƙara wani tak a inda ban zata ba, na ba ta kafaɗa. Daga nan muka shiga zance. Ta yi ƙasa-ƙasa da kiɗan kamar raɗa, na mayar da motsina ƙanana har sai an zura ido. Ta ɓarke da sauri, na sake gwiwoyina ƙarafan gyalena suka ɗauka. Garin juyawa na taka bakin rigata na yi tangaɗi zuwa dama, sai na sake yin tangaɗin zuwa hagu, Samira ta kama shi ta yi masa kiɗa, matan Sudan suka ɗauka salo ne suka rangaɗa guɗa.

Sai ta yi mini tarko. Ana tsakiyar sauri ta ɗauke hannu cak. Zaure ya yi tsit. Ni ma na tsaya, ƙugu ɗaya a sama, ban sauke ba. Na juya kai a hankali na dube ta, na ɗaga mata gira kamar ina cewa ke nake jira. Wata tsohuwa ta fara dariya, sauran suka ɗauka. Samira ta ja shirun har ita ma dariyar ta ci ƙarfinta, ta saki dum guda mai nauyi, na sauke ƙugun a kansa daidai. Fili ya cika, Hausawa da 'yan Sudan, aka jawo amarya tsakiya, ana ta liƙi. Madam tana kujera tana buga sandarta a ƙasa. Da na duba layin gaba, Yaya Hajara tana nan yadda take, ba ta tafa ba, ba ta tashi ba.

Da safe ta aiko a kira ni. Na tafi masaukinta a Deira. Na same ta a tsakiyar kwalayen takalma da ɗaurin abaya, tana duba kaya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta bar ni a durƙushe na ɗan lokaci.

"Maman Ummi, abin da kike yi a Dubai ke nan?"

"Ƙunshi nake yi, Yaya. Rawar a bikin mata ne kawai."

"Namiji bai taɓa gani ba?"

"Ko ɗaya. Ki tambayi duk wadda kike so."

"Na tambaya," ta ce. "Tun jiya na tambaya. An ce daga shago sai gida, kuma da wata 'yar Ghana kike zaune wadda ba ta barin ko mai kawo gas ya wuce bakin ƙofa."

Ta rufe kwalin da ke gabanta, ta ture shi gefe da ƙafa. Na jira hukunci, ina kallon tayil.

"Ƙafarki ta hagu tana makara," in ji ta.

Na ɗago kai.

"In kin juya, sai ta biyo baya kamar ba taki ba. Shi ya sa kika taka riga. Su ba su gane ba, ni na gane." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Kafin a yi mini aure, in aka kafa gaɗa a dandalin unguwarmu, ba a tashi sai na shiga. Ƙanina ma, mijinki, da yake yaro shi yake riƙe mini takalmi. Tashi ki matsar da kwalayen nan."

Na matsar da su jikin bango. Yaya Hajara, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba tun da aka kai ni gidansu, ta cire mayafi ta ajiye a kan gado, ta fara tafi a hankali tana ba kanta kiɗa, ta juya sau ɗaya cikin ɗan filin nan, ƙafafunta biyu suka sauka tare. Ta tsaya tana haki kaɗan, ta dafa kwali.

"Kin gani? Haka ake yi. In na koma zan ce wa Inna na same ki lafiya, har kin yi ƙiba. Ummi kuma ta zauna inda take." Ta nuna mini tsakiyar ɗakin da haɓa. "To, yi in gani. Kuma ki nuna mini wannan na kafaɗar, tun kafin masu ɗaukar kaya su zo."